Yaron da Aka Musanya da Doki: Rayuwar Samuel Ajayi Crowther

Karatu: Farawa 37:12-28 da 50:15-21

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ya san yadda ake cinikin doki. A buɗe bakinsa a duba haƙora, a ɗaga ƙafa a duba kofato, a hau shi a zaga fili, sa'an nan a yi tayi. A shekara ta 1821, a ƙasar Yarabawa, an yi wani ciniki inda doki yake gefe ɗaya, yaro ɗan shekara wajen 12 yake ɗaya gefen, aka ce sun yi daidai. Ba wanda ya san sunan dokin nan a yau. Yaron kuwa shi ne Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama bishop a Ikkilisiyar Angilikan. Bari mu bi labarinsa mu ga farashin da mutane suka yi ta sa masa, da kuma abin da Allah ya yi da shi.

Ranar da gari ya ƙone

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Osogun, kusa da Iseyin, cikin Jihar Oyo ta Nijeriya a yau. A lokacin daular Oyo tana rushewa, yaƙi ya bazu ko'ina, kamun bayi kuma ya zama sana'a. Wata safiya a farkon 1821, mata suna shirin abincin karin kumallo, sai mahara suka kewaye garin. Mahaifin Ajayi ya shigo gida da gudu ya ce wa iyalinsa su tsere, ya koma wurin faɗa. Daga ranar Ajayi bai sake ganinsa ba. Kafin su yi nisa aka kama shi tare da mahaifiyarsa Afala, da ƙannensa mata biyu, ɗayarsu jaririya ce a goye. Aka sa musu igiya a wuya, aka kora su gaba, garinsu yana cin wuta a bayansu.

Da aka kai Iseyin sai aka raba ganima. Ajayi ya faɗa rabon shugaban mayaƙan, mahaifiyarsa kuma ta faɗa hannun wani. Ba a daɗe ba shugaban ya ga wani doki ya yi sha'awarsa, sai ya ba da yaron ya karɓi dokin. Bayan wata biyu dokin bai gamshe shi ba, sai ya mayar wa mai shi, ya karɓo yaronsa. Saboda wannan ciniki da ya warware, Ajayi ya sake zama kusa da mahaifiyarsa har wajen wata uku. Ka ga yadda ran ɗan Adam ya rataya a kan ko doki ya yi wa ubangijinsa daɗin hawa ko bai yi ba.

Wata rana da yamma aka fita da shi kamar za a aike shi, ashe kasuwar Ijaye aka nufa da shi cikin sarƙa. Wata mace 'yar kasuwa ta saye shi, ta yi kudu da shi. Da ya ji ana maganar sayar da shi ga Turawan Fotigal, tsoro da baƙin ciki suka rufe shi har ya yi ƙoƙarin shaƙe kansa, amma Allah bai yarda ba. Daga nan aka yi ta musayarsa daga hannu zuwa hannu, wani lokaci da barasa, wani lokaci da taba, har ya isa Ikko, wato Legas. A can ya fara ganin Bature, a can kuma aka ɗaure shi da sauran bayi a sarƙa ɗaya suna jiran jirgi.

Kofaton alade

A watan Afrilu na 1822 aka ɗora su a jirgin ruwan 'yan Fotigal mai suna Esperanza Felix, su fiye da 180, za a ƙetare teku da su. Amma tun 1807 Ingila ta hana fataucin bayi, jiragen yaƙinta kuma suna sintiri a bakin tekun Afirka ta Yamma. Tun jirgin bai yi nisa da gaɓa ba jiragen Ingila biyu suka tare shi. Aka ɗauki Ajayi da waɗansu yara zuwa jirgi mai suna Myrmidon, wanda Kyaftin Henry Leeke yake shugabanta.

Yaran ba su san ceto ne ya zo ba. 'Yan Fotigal sun riga sun gaya musu cewa waɗannan sababbin Turawa 'yan fashin teku ne. Da suka hau jirgin sai suka ga farin nama a rataye, ga kuma waɗansu dunƙule-dunƙule a jere a gefe. Suka ɗauka naman 'yan'uwansu ne aka yanka, dunƙulen kuma kawunansu ne. Sai da suka matsa kusa suka duba da kyau, suka ga naman yana da tsagaggen kofato, suka gane alade ne. Dunƙulen kuwa da suka taɓa sai suka ji ƙarfe ne, harsasan igwa. Nan hankalinsu ya fara kwanciya. Sau da yawa haka taimakon Allah yake zuwa mana, a cikin kamannin da muke jin tsoro.

A watan Yuni na 1822 aka sauke su a Firitawun, ƙasar Saliyo, inda ake tara waɗanda aka ƙwato daga jiragen bayi. Aka sa Ajayi a hannun 'yan mishan na ƙungiyar CMS a ƙauyen Bathurst. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci, ya kuma koyi aikin kafinta. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani fasto na birnin Landan. Da aka buɗe Kwalejin Fourah Bay a 1827, sunansa ne na farko a littafin ɗalibai. Ya zama malamin makaranta, ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta, sunanta na baftisma Susan. Sun yi zaman aure na shekara wajen 50 kafin ta rasu a 1880.

Kogin Kwara

A 1841 gwamnatin Ingila ta aika da jiragen ruwa uku su hau Kogin Kwara, su ƙulla yarjejeniya da sarakuna a kan barin cinikin bayi. CMS ta sa mutum biyu cikin tafiyar, wato Ajayi da wani Bajamushe mai suna James Frederick Schön. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe Turawa fiye da 40, tafiyar ta watse. Amma abu biyu suka fito daga cikinta. Na farko, shugabannin mishan sun gane cewa 'yan Afirka ne za su kai bishara cikin Afirka. Na biyu ya shafe mu masu jin Hausa. Schön ya duƙufa a kan harshenmu, ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, daga baya kuma ya zauna da Dorugu, yaron ƙasar Damagaram wanda ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya rubuta labaransa, ya kuma juya waɗansu littattafan Sabon Alkawari zuwa Hausa. Shi kuwa Ajayi aka kira shi Landan, aka keɓe shi ga aikin fasto a 1843. A wannan shekara aka buga littafinsa na farko a kan nahawu da kalmomin Yarabanci.

A 1846 ya isa Abekuta tare da Henry Townsend don su kafa aiki. Bai yi wata guda a garin ba sai labari ya zo masa cewa mahaifiyarsa tana da rai, tana wani gari kusa. Aka kawo ta. Shekara 25 ke nan rabonsu da juna. Tsohuwar ta riƙe hannunsa tana rawar jiki, suna duban juna, hawaye suna zuba, magana ta gagara. Ya sami ƙannensa mata su ma da rai. A 1848 aka yi wa Afala baftisma, aka sa mata suna Hannatu, gama ita ce uwar Sama'ila.

A 1851 aka kai shi fadar Windsor ya bayyana halin da cinikin bayi yake ciki a Legas. Yana tsaye da Yarima Albert suna duba taswira, wata mace ta shigo ta sa baki cikin hirar. Sai daga baya ya gane ashe Sarauniya Biktoriya ce da kanta. Kafin ya fita ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarabanci.

Ya sake hawa kogi a 1854 tare da Likita William Baikie, suka shiga Binuwai da nisa. A wannan karo kowa yana shan maganin kwinin kullum, ba kuwa wanda ya mutu. A 1857 aka buɗe Mishan na Kwara a ƙarƙashinsa, ma'aikatansa kuma 'yan Afirka ne daga Saliyo. Suka kafa tasha a Anaca. Jirginsu Dayspring ya bugi dutse kusa da Jeba ya nutse, suka yi watanni a bakin kogi suna jiran taimako. Ajayi bai zauna hannu sake ba, ya kama koyon Nufanci, har ya buga littafin nahawunsa a 1864.

Duk inda ya zauna yakan kasa kunne ga hirar dattawa, yana rubuta kalmomi da karin magana, domin yana so Maganar Allah ta fito da harshen da mutane suke yi a gida da kasuwa. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Legas, takardun da ya tara na shekara 11 suka zama toka. Ya sake farawa. Shi da abokan aikinsa suka ci gaba har aka kammala Littafi Mai Tsarki na Yarabanci a 1884.

Ranar 29 ga Yuni 1864

Babban sakataren CMS, Henry Venn, yana da ra'ayi cewa ikkilisiyar kowace ƙasa ta riƙe kanta, ta mallaki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Don haka ya nace a naɗa Ajayi bishop. Waɗansu Turawan mishan suka ƙi, har da Townsend abokin aikinsa, suna cewa Bature ba zai zauna ƙarƙashin baƙar fata ba. Ajayi da kansa ya yi ta noƙewa. A ƙarshe aka naɗa shi a babbar majami'ar Kantabari ranar 29 ga Yuni 1864, Jami'ar Oksfod kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Cikin taron akwai wani tsohon hafsan sojan ruwa, Henry Leeke, wanda ya ɗauke shi daga jirgin bayi shekara 42 da suka wuce. Akwai kuma wata tsohuwa, matar marigayi Bishop Weeks, wadda ta koya masa karatu yana yaro. Amma an tsara naɗin yadda Turawan da suke aiki a ƙasar Yarabawa ba za su kasance ƙarƙashin ikonsa ba. Tun daga ranar farin cikin nan ƙwayar baƙin cikin gaba tana nan a binne.

Guza da barasa

A garin Bonny, can inda Kwara take shiga teku, mutane suna girmama guza kamar allahn gari. Guzaye suna yawo a titi da cikin gidaje, suna cinye kaji da ƙwai, ba mai ikon ɗaga musu sanda. Wanda ya kashe ɗaya, ransa yana cikin hatsari. Bishop Ajayi bai zo da zagi ba. Ya buɗe makaranta, ya yi ta koyarwa, ya yi ta magana da sarki da hakimai. Ranar Ista ta 1867 Sarki George Pepple ya ba da umarni a kawar da bautar guza. Aka karkashe su, aka yayyafa jininsu a rijiyoyin gari domin kada wani ya ce shi ba ruwansa. Mutane suka yi kwanaki suna tsoron shan ruwan, daga baya ƙishi ya sa suka sha, ba kuwa abin da ya same su.

A wannan shekara wani basarake mai suna Abokko ya kama bishop da ɗansa Dandeson a bakin kogi, ya tsare su yana neman fansa. Wani jami'in Ingila mai suna William Fell ya zo ya kuɓutar da su, amma kibiya ta same shi suna gudu zuwa jirgi, ya mutu.

Wajen arewa kuwa, daga tasharsa ta Lakwaja, yakan kai ziyara Bida wurin Etsu Masaba, ya kuma tsaya gaban Sarkin Ilori a 1872. Ko da yake akwai Musulmi cikin waɗanda suka kama shi suka sayar, bai riƙe Musulmi da ƙiyayya ba. Ya lura tun a Saliyo cewa gardama mai zafi ba ta jawo kowa. Yakan gaishe da sarki da ladabi, ya ba da kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, in an yi masa tambaya ya buɗe Littafin ya karanta amsar, ba ya ɓoye abin da ya gaskata, ba ya kuma cin mutuncin kowa. Amincin da ya samu ya kai har a shekarun 1880 Etsu Maliki na Nufe ya aiko da wasiƙa da Hausa, yana kiransa uba, yana roƙonsa ya kai kuka wurin Sarauniya a hana shigo da barasa ƙasarsa, gama tana lalatar da jama'a. Dubi ikon Allah. Wanda aka taɓa bayarwa a bakin barasa, shi ne sarki yake nema ya taimaka a tsai da ita.

An sake yi masa tayin banza

Da za mu so labarin ya ƙare a nan, amma bai ƙare ba. Venn ya rasu a 1873. Zamani ya juya, Turawa suka fara rabon Afirka, kamfanoninsu suka mamaye cinikin kogi, ganin baƙar fata a kan shugabanci ya daina yi musu daɗi. Gaskiya ne akwai kasawa a Mishan na Kwara. Tashoshin suna da nisa da juna, kuɗi kaɗan ne, waɗansu ma'aikata sun faɗa cikin zunubi mai nauyi, bishop kuma mutum ne mai jinkirin hukunci, ya fi son ya jawo mai laifi ya tuba. Sai aka fara zare ikonsa kaɗan kaɗan, aka karɓe jirgin mishan da sha'anin kuɗi daga hannunsa.

A 1890 waɗansu samarin Turawa masu zafin himma suka iso. Biyu daga cikinsu, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, sun zauna a Lakwaja suna sa rigunan Hausawa, burinsu su shiga ƙasar Hausa. A wani taro a Anaca cikin watan Agusta, samarin nan suka tuhumi ma'aikatan bishop a gabansa, aka dakatar da waɗansu, har da ɗansa Dandeson. Tsoho mai shekara fiye da 80, wanda ya fara hawa kogin nan tun ba a haife su ba, aka yi masa magana kamar yaron gida. Ya sauka daga shugabancin kwamitin, bai rama da zagi ba. Yawancin ma'aikatan da ya tara aka sallame su. A 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891.

Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke kuma a 1892, ba wanda ya kai Kano a cikinsu. Wani abokinsu, Henry Dobinson, ya rayu har ya gane kuskurensa, ya nemi gafara a fili. Bature aka naɗa a gurbin bishop, aka kuma yi shekara wajen 60 kafin a sake ba baƙar fata cikakken riƙon dayosis na Angilikan a Nijeriya. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Akbishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya furta tuba a madadin ikkilisiyarsa saboda abin da aka yi masa. Jikansa Herbert Macaulay ya zama jagoran masu neman 'yancin Nijeriya, shi ne wanda aka sa hotonsa a kan naira ɗaya. A garin Oyo kuma akwai jami'a mai sunan Ajayi Crowther, wadda aka buɗe a 2005.

Abin tunani

A karatunmu na yau 'yan'uwan Yusufu sun sayar da shi a bakin azurfa 20. Bayan shekaru, ya gaya musu cewa mugunta suka nufa, amma Allah ya juya ta don a ceci rayuka da yawa. Wannan bai mai da muguntar ta zama alheri ba. Wanda ya ƙone Osogun ya yi zunubi, wanda ya wulakanta tsohon bishop a Anaca shi ma ya yi zunubi, ko da yake da sunan aikin Ubangiji ya yi. Amma ba ɗayansu da ya iya yanke wa Ajayi darajarsa, gama Wanda ya halicce shi cikin kamanninsa ya riga ya fanshe shi da jinin Ɗansa.

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, wataƙila kai ma an yi maka tayin banza, saboda talaucinka, ko ƙabilarka, ko rashin karatunka, ko tsufanka. Kada ka karɓi wannan farashi. Ci gaba da aikin da ke hannunka, kamar yadda Ajayi ya sake ɗaukar alƙalami bayan gobara. Sai kuma ka juya tambayar ga kanka. Yarinyar da take yi maka aikin gida, da yaron da yake kiwon dabbobinka, da tsohon mai bishara na ƙauye wanda ba ya jin Turanci ko Faransanci, nawa ka yi musu kuɗi a zuciyarka? Akwai gidajen da ake kula da doki da rago fiye da ɗan riƙo. Akwai kuma ikkilisiyoyin da matasa masu takarda suke ture dattawan da suka share filin. Yau ka nemi mutum ɗaya da ka rena, ka girmama shi da magana da kuma aiki.

Addu'a

Ya Uba na sama, mun gode maka domin bawanka Samuel Ajayi Crowther, wanda ka fisshe shi daga sarƙa ka sa shi ya buɗe Maganarka ga al'ummai. Ka ta'azantar da dukan waɗanda ake saye da sayarwa har wa yau, ka kuɓutar da su. Ka gafarta mana inda muka rena waɗanda ka fansa. Ka ba mu haƙuri sa'ad da aka rena mu, da aminci har ƙarshe. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.